Tambaya da Amsa: Bikin Finafinan Gine-gine a Bauchi, Ta Ina Za a Fara?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan magana ɗaya, wato shirya bikin nuna finafinan gine-gine da zayyana a garin Bauchi. Mutum biyu ne suka haɗu wajen amsawa: ɗaya sana'arsa zanen gine-gine, ɗayan kuma haɗa majigi da sauti a taruka. Mun rage tsawon wasu tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu ɗaliban zanen gine-gine ne. Mun ji ana yin bikin finafinan gine-gine a wasu birane, muna so mu gwada a Bauchi. Kwana nawa ya kamata, finafinai nawa, kuma wane lokaci na shekara? Daga wasu ɗalibai, Yelwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Birnin Rotadam na ƙasar Holan ya fara nasa bikin tun 2000, a Amurka ma an kafa wani a 2009. Abin da ake yi shi ne a ware 'yan kwanaki a nuna finafinai, galibi ba na wasan kwaikwayo ba, a kan gidaje, masallatai, kasuwanni, tsarin birane, da mutanen da suka zana su ko suka gina su. In fim ya ƙare sai a zauna a tattauna.

A karon farko kwana 3 ya ishe ku, Juma'a zuwa Lahadi. Kowane dare kada kallo ya wuce minti 105: gajeru biyu na minti 10 zuwa 15, sai dogo ɗaya da bai wuce awa ɗaya da kwata ba, sannan minti 30 na tattaunawa. Ku fara bayan sallar isha'i, wajen ƙarfe 8 saura kwata, ku tashi kafin 10 da rabi, don iyaye su yarda 'ya'yansu mata su zo, masu Keke Napep kuma ba su tashi daga aiki ba.

Abin da muka fi so ku riƙe shi ne wannan: duk fim ɗin da kuka nuna, ku haɗa shi da wani gini na nan gida wanda mai kallo zai je ya taɓa da hannunsa washegari. In ba haka ba, mutane za su kalli benayen Turai su ce "ikon Allah," su tafi gida, shi ke nan.

A ce daren farko na ginin ƙasa ne. Ku nemi finafinai a kan babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara kuma gari ke fitowa ƙwai da kwarkwata a yi masa yaɓe. Ku nemi na masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, aikin magini Falke Barmu, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Wannan Bahaushen gini ne, mutanenmu za su gane shi nan take. Akwai kuma Faransis Kere na Burkina Faso, wanda ya gama makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin don iska mai zafi ta samu mafita, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. Da safiyar Asabar sai ku ɗauki bas zuwa Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, a ga Gidan Madaki. Tun 1956 yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa, kuma ana danganta gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Wanda ya kalli Jenne da dare, ya tsaya ƙarƙashin bakan gizon Kafin Madaki, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin soro, da safe, ba ya buƙatar wani dogon wa'azi.

Dare na biyu ku ba birni: hanyoyi, magudanan ruwa, kasuwa, inuwa. Rakiyarsa ita ce tattaki da yamma tsakanin tsoffin ƙofofi, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, tare da dattijon da zai nuna inda ganuwa ta bi. Dare na uku na zayyana ne, kuma kada ku taƙaita ta ga gini; ɗinkin hula, ƙirar ƙofar ƙarfe, zanen jikin manyan motoci, duk zayyana ce. Kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya dace da wannan rana, domin an tsara shi ne yadda mutum zai bi ta duhu kafin ya fito fili marar rufi inda kabarin yake, kuma wannan darasi ne a kan yadda haske yake aiki a gini.

Lokaci mafi kyau shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba: damina ta ɗauke, hunturu bai kankama ba. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu sanyin dare zai kore muku mutane, ƙura kuma ta toshe majigi. Maris da Afrilu zafi. Ku duba kwanan wata na Musulunci ma: daga 20 ga wata zuwa 3 ga na gaba babu farin wata a lokacin kallo, hoto ya fi fita.

TAMBAYA: Malam, ina da gidan kallon ƙwallo. Yara sun zo aron majigina don wannan biki, a fili za su nuna. A kwalinsa an rubuta lumen 9,000. Zai yi? Daga wani mai gidan kallo, Wunti.

AMSA: Alhaji, lumen ma'aunin ƙarfin haske ne. Sai ka fara duba ko akwai haruffan ANSI, alamar an auna shi bisa ƙa'ida, a gefen wannan lamba. In babu su, lambar talla ce kawai. Ƙananan majigin da ake sayarwa da arha sukan rubuta dubbai, hasken gaskiya kuwa 'yan ɗaruruwa ne, iyakarsu ɗaki mai duhu. Fili da dare, a allo mai faɗin mita 4, yana son lumen 3,500 na ANSI in wurin ya yi duhu sosai, 5,000 in akwai fitilun titi ko na maƙwabta. Ka tuna kuma ƙwan majigi yana rage haske in ya tsufa. Shiga cikin saitinsa ka ga awa nawa ya yi; wanda ya haura awa 2,000 kada ka sa ran zai ba da abin da aka rubuta.

Ga lissafin wuri. Allo mai faɗin mita 4 tsayinsa mita 2.25 ne, gwargwadon 16 da 9. Gindinsa ya tashi mita 1.2 daga ƙasa don kawunan na gaba kada su tare na baya. A littafin majigin akwai lambar nisan jifa, in 1.5 ce, ka ninka ta da faɗin allon, ka ga majigin zai zauna mita 6 daga allo. A ɗora shi a tebur mai tsayin da idonsa zai yi daidai da gindin allon, a tsakiya cif. Kada a ajiye shi a ƙasa a ɗaga bakinsa sama sannan a gyara karkacewar da maɓalli. A kallon ƙwallo wannan ba ya damun kowa, amma a fim ɗin gini yana rage kaifin hoto, miƙaƙƙen layi ya zama mai haƙora, alhali layin shi ake kallo.

Layin kujeru na farko ya fara daga mita 4.5, na ƙarshe kada ya wuce mita 13.5, wato tsayin allon sau 6. Wanda ya wuce nan ba zai iya karanta rubutun fassara ba. In aka bar santimita 90 tsakanin layi da layi za a samu layi 10, kowanne kujera 15 ko 16 da hanya a tsakiya, mutum 150 ke nan. A shimfiɗa wa yara tabarmi a gaba, a ja igiya a kewaye hanyar hasken don kada a riƙa giftawa. Ɓangaren mata ya zama da ƙofarsa daban da fitila a hanyarta, kuma kada a tura su can baya inda ba a gani. A raba wurin dama da hagu.

Allo mafi kyau bango ne mai santsi. A shafa masa farin fentin ruwa marar sheƙi sau biyu, galan ɗaya na lita 4 ya isa har ya yi saura, a zagaye shi da baƙin layi mai faɗin santimita 10. In yadi za a yi, a samu fari mai kauri, a sa baƙin yadi ko tamfol a bayansa don haske kada ya zarce, a huda ido duk santimita 30 a ɗaure shi tamau a firam ɗin bututun ƙarfe. Firam ɗin a ja shi da igiya huɗu zuwa turaku. Iskar dare kaɗan ta isa ta kifar da allon da ba a ɗaure ba, yara kuwa su ne a gabansa.

Batun aro: kada ka ba da majigin shi kaɗai, ka haɗa da yaronka da ya san shi. Ku kuma daidaita ranaku, tunda Asabar da Lahadi ranakun cinikinka ne.

TAMBAYA: Mun taɓa nuna fim a unguwa, lasifika ta yi ta gurnani tun daga farko, ana tsakiyar kallo kuma majigin ya mutu ya ƙi tashi. Me ya jawo? Daga wani sakataren ƙungiyar matasa, Gwallameji.

AMSA: Matsala biyu ce, kowacce da sanadinta.

Mutuwar majigi, ko zafi ko wuta. In kafin ya mutu wata fitila ja ko ruwan lemo ta yi ta ƙiftawa, zafi ne: matatar iskarsa ta cika da ƙura, ko an jingina shi da wani abu, ko wani ya lulluɓe shi da ƙyalle don kare shi. A cire matatar a kakkaɓe ta kafin kowane dare, a bar rabin mita fili ta kowane gefe. In kuwa komai ne ya ɗauke lokaci ɗaya, janareto ne, kuma sau da yawa wani ne ya jona abin da ba a lissafa da shi ba. Ku yi lissafin a takarda: majigi wat 400, lasifika biyu masu amfilifaya a ciki wat 500, kwamfuta 90, mikisa, wato na'urar haɗa sauti, 30, ƙwan fitila 6 masu wat 15 sun ba da 90. Jimla wat 1,110. Janareto mai kVA 3 yana ɗaukar kimanin wat 2,400, ya ishe ku da sarari. Amma butar dafa ruwa ta mai shayi ita kaɗai tana jan wat 2,000. A sa mutum ɗaya ya tsare soket, ba ya da wani aiki sai wannan.

A ajiye janareton mita 25 zuwa 30 daga jama'a, bayan gini, ta inda iska ba za ta kawo hayaƙi ba. A jawo wuta da waya mai kaurin milimita 2.5, a warware ta duka daga kan gangarta, domin wadda aka bari a naɗe tana ɗaukar zafi. Yana shan lita 1 zuwa 1.5 a awa. A cika tanki kafin a fara, kada a ƙara mai yana aiki. Tsakanin janareto da majigi a sa UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta in ta ɗauke, mai VA 1,500. Amfaninsa ya wuce hana fim tsayawa: ƙwan majigi yana buƙatar fanka ta hura shi minti ɗaya ko biyu bayan an kashe, in wuta ta yanke kwatsam sai ya ƙi tashi har ya huce, maimaita hakan kuma yana rage masa kwana.

Gurnani kuwa gwajinsa mai sauƙi ne. Cire cajar kwamfutar. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawon: kwamfuta da mikisa suna shan wuta daga soket daban-daban, ko wayar ƙasa ba ta haɗu ba. Ku jona kayan sauti da kwamfuta a reshe ɗaya, ku sa ɗan akwatin DI, mai tare irin wannan gurnani, tsakanin kwamfuta da mikisa, wayar da ta fito daga kwamfutar kada ta wuce mita 2. Daga mikisa zuwa lasifika a yi amfani da wayar XLR mai haƙori uku. Wayar sauti kada ta kwanta jere da ta wuta. In dole su haɗu, su gitta juna. Wasu sukan karya haƙorin ƙasa na fulogi don ƙarar ta tafi. Kada ku yi, ran mutum ne.

Lasifikun a ɗora su a sanda hagu da daman allo, tsayin mita 2, su wuce kawunan mutane. Makirfon masu jawabi ya tsaya a bayan layin lasifika, in ya shiga gabansu sai kuwwa. Finafinan kuma su kasance a cikin kwamfutar kanta, MP4, a kalli kowanne daga farko har ƙarshe da kayan da za a yi amfani da su, kwana ɗaya kafin biki. Kada a dogara da intanet a daren. Kwamfuta ta zauna kusa da majigi, domin wayar HDMI da ta wuce mita 10 takan fara ɗauke hoto.

TAMBAYA: Tunda kyauta za mu nuna, ba sai mu sauke finafinan daga YouTube ba? Daga wani ɗalibi, Gubi.

AMSA: A'a, ɗana. Nuna wa taron jama'a fim haƙƙin mai fim ne, ko an karɓi kuɗi ko ba a karɓa ba, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare shi. Ku duba ƙarshen fim ɗin, sunan kamfanin da ya shirya ko yake rarrabawa yana nan. Ku rubuta musu wata 3 kafin biki, ku faɗi rana, wuri, yawan kujeru, sau nawa za a nuna, ko akwai kuɗin shiga, ku kuma nemi izinin fassarawa zuwa Hausa a cikin wasiƙar, don shi ma izini ne daban. Ku ce ku ɗalibai ne, ku roƙi ragi ko yafiya. Wasu sukan yarda, wasu ba sa ko amsawa, shi ya sa za ku rubuta wa ninki biyu na abin da kuke buƙata. Amsar "mun yarda" ta imel ta isa, ku buga ta ku adana. Fim mai lasisin Creative Commons, wato wanda mai shi ya ba kowa izinin amfani da shi tun farko, ana iya nuna shi bisa sharuɗɗan da aka rubuta a jikinsa.

A gida kuma, ku tuntuɓi ofishin Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa mafi kusa a kan tantance finafinan da wurin nunawa. Ku kai wa 'yan sandan yankin takarda. Kafin su duka, ku je ku gaida mai unguwa da liman, ku nuna musu jerin abin da za a kalla. Ku ma ku kalli kowane fim da idon iyayenku kafin ku sa shi a jeri.

TAMBAYA: Ni 'yar kasuwa ce, ina gina gidan haya, ina son in zo in ƙaru. To amma finafinan nan da Turanci ko Faransanci suke. Mu da ba mu yi boko mai zurfi ba fa? Daga wata Hajiya, Muda Lawal.

AMSA: Hajiya, irinku ake nema a wurin, domin ku ne masu yanke shawarar yadda gidajen garin nan za su kasance. Masu shirya biki su ji: fim ɗin da ba a mayar da shi Hausa ba, rabin kujerunku kun yi asararsu.

Hanya biyu ce. Ta farko rubutu a ƙasan hoto. Ana yinsa da manhajar Subtitle Edit, kyauta ce. Layi 2 kawai a lokaci ɗaya, kowane layi kada ya wuce harafi 42, ya tsaya a allo daƙiƙa 1 zuwa 6. Jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, don haka ma'ana za a ɗauko a taƙaice, ba kalma da kalma ba. A adana fayil ɗin fassarar, wato SRT, a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya a allo. Mai fassara ya zauna da magini kafin ya fara. Inda baturen ya yi dogon bayani, sau da yawa kalma ɗaya ce a bakin magina, kamar zanko ko indararo. Fim na awa ɗaya yana cin mako guda na aikin mutum ɗaya, a lissafa da wannan.

Ta biyu ita ce ta zamanin majigi na da: mutum ya riƙe makirfo yana bayani da Hausa. Ta fi dacewa da taron da wasu ba sa karatu da sauri. A rage sautin fim zuwa kashi ɗaya cikin uku lokacin da yake magana, a ba shi rubutaccen bayani, ya yi gwaji sau biyu. Sharaɗinsa ya san lokacin yin shiru. In kyamara tana zagaya ɗaki ba mai magana, shi ma ya bari mutane su kalla.

TAMBAYA: Kakana yana da tsohon soro a cikin gari, ana maganar rushe shi a yi na bulo. Ina so in ɗauke shi a fim da wayata in kai bikin. Yaya zan yi ya fito da kyau? Daga wata ɗaliba, cikin garin Bauchi.

AMSA: 'Yata, wannan ita ce wasiƙar da ta fi faranta mana rai, kuma muna roƙon masu biki su ware wa irin wannan fim wuri kowane dare. Ki fara yanzu, kada ki jira ranar da aka kawo tifar yashi.

Fara da saitin waya. Ki kwantar da ita, kada ki ɗauka a tsaye. Ki sa kaifin hoto a 1080, hoto 25 a daƙiƙa in wayar ta yarda. Wutar Najeriya mai bugu 50 a daƙiƙa ce, in kika bar wayar a 30 ƙwan lantarki zai riƙa rawa a hoton. Minti ɗaya yana cin megabait 100 zuwa 130, ki share wuri. Ki samu sandar kyamara mai ƙafa uku, ko ki ɗora wayar a kan turmi da littattafai. Kowane ɗauka ki bar shi daƙiƙa 10 ba motsi, ki ƙirga a zuci.

Kuskuren da kowa yake yi shi ne ɗaga waya sama don zanko ya shigo. Da kin ɗaga, bangaye za su tsuke ta sama, gidan ya zama kamar zai faɗi ta baya. Ki riƙe wayar a miƙe, ki kunna layukan saiti na allo ki daidaita su da gefen ƙofa, ki ja da baya, in akwai idon kyamara na ninki 2 ki yi amfani da shi. In lungun ya yi ƙunci, ki roƙi maƙwabta ki hau dakalinsu ko benensu.

Zanen da ke fuskar zaure, dagi da sauransu, tudu da kwari ne, inuwa ce take fito da shi. Da tsakar rana ba za ki ga komai ba sai jan bango. Ki je tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, ko 4 zuwa 5 da rabi na yamma, duk lokacin da rana take shafar bangon ta gefe. A irin wannan haske har sawun yatsun mai yaɓe za ki gani, layi huɗu huɗu a jere, da guntayen ciyawa suna leƙowa daga cikin ƙasar. Ki matsa kusa ki ɗauke su.

Cikin soro duhu ne. Kada ki fuskanci ƙofa, hasken waje zai mayar da komai baƙi. Ki ba ƙofar baya, ki danna allo a kan bango ki riƙe har hasken ya kulle. Wani ya tsaya a bakin ƙofa da farin zane ko kwali mai takardar azurfa ya juyo da rana zuwa rufi. Sannan ki kwantar da wayar a tabarma tana kallon sama daidai tsakiyar ɗaki: bakan gizo za su fito yadda suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, da azara jere a tsakaninsu. Ki sa mutum ya shiga ya zauna ko ya gifta a wasu hotunan, don mai kallo ya gane girman wurin. Ki ɗauki kaurin bango a bakin ƙofa da hannun mutum a kai. Ki ɗauki tsagewa da inda ruwa ya ci, kada ki ɓoye su.

Sai hira da kaka. Makirfon maƙalawa a riga, taki ɗaya ƙasa da haɓa, a kashe fanka da rediyo. Ki tambaye shi abin da yake da amsa a hannu: wa ya gina, daga wane kududdufi aka haƙo ƙasa, daga ina aka kawo azara, yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe, wa ya kwana a wane ɗaki. Bayan ya gama ki ɗauki daƙiƙa 30 na shirun ɗakin, zai yi miki amfani wajen haɗawa. Daga awa ɗaya da kika ɗauka ki fitar da minti 6 zuwa 8.

Ke 'yar gida ce, za ki wuce zaure ki shiga inda namiji baƙo ba ya shiga: madafi, rumbu, ɗakin tsohuwa da jerenta. Ki nemi yardar kowace mace kafin ki ɗauke ta, ki kuma nuna wa mutanen gidan fim ɗin kafin kowa ya gani. Wanda zai ɗauki gini da ke cikin kayan tarihin ƙasa sai ya nemi izinin Hukumar Gidajen Tarihi, jirgi marar matuƙi kuma ba a tashinsa sai da izinin hukuma.

TAMBAYA: Ni magini ne, na gaji sana'ar. Jikana ya rubuta mini wannan. An ce in zo bikin in yi magana, ni kuwa ban san me zan ce wa 'yan jami'a ba. Kuma mutane suna ta shafa wa ginin ƙasa siminti, in na hana sai a ce ban waye ba. Daga wani dattijo, Ganjuwa.

AMSA: Baba, ranka ya daɗe. Ka zo, kuma abin da ka faɗa a ƙarshen wasiƙarka shi ne jawabinka, domin gaskiya tana wajenka. Bangon ƙasa yana shan laima ya kumbura kaɗan, ya bushe ya koma; siminti ba ya bin sa. Sai ya yi 'yan tsage-tsage, ruwan damina ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita tunda simintin ya rufe. Ƙasar da ke baya ta jiƙe ta yi laushi ba wanda ya gani. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, ya riga ya rabu da bangon, wata rana falle guda zai zubo da ƙasar a jikinsa. Makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana korar ruwa amma tana barin bango ya sha iska. Haka laso, da ake haɗawa da katsi na marina, a kan rufi. Abin da ginin ƙasa yake so shi ne a kare kansa da ƙafarsa: a gyara yaɓen saman bango da rufi kafin ruwan farko, a share indararo, bakinsa ya yi nisa da bango yadda ruwa ba zai dawo gindi ba, a kuma cike gindin ya gangara waje.

Ba sai ka tsaya a gaban makirfo ba. Ka ce su ba ka fili da la'asar kafin fim. Ka zo da baro ɗaya na jar ƙasa wadda ka cuɗa da ciyawa ta kwana biyu, ka mulmula tubali a gabansu, ka sa kowane ɗalibi ya yi nasa. Ka zo da busassu guda 20 ka jera layi biyu, tsini sama, su ga yadda ake cike tsakani. Ka zo da guntun azara su ɗaga su ji nauyin giginya, ka gaya musu dalilin da ba a barin ta ta haye fiye da ƙafa 6 ba tare da tallafi ba, su gane abin da ya haifi bakan gizo. Su kuma ɗaliban su kawo kwalba: ƙasa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza, a bar ta kwana ɗaya, yashi ya kwanta ƙasa, laka a sama. Sai a gwada abin da kwalbar ta nuna da abin da hannunka ya faɗa tun da ka damƙi ƙasar. A kuma rataye ma'aunin zafi ɗaya a soro, ɗaya a ɗakin bulo mai kwano, a karanta su ƙarfe 3 na rana, a rubuta lambobin a allo kowa ya gani.

Ku kuma masu shirya biki, sunan Baba ya fito a fosta da girman da na farfesa ya fito, kujerarsa tana kan dandamali, kuma a biya shi abin da ake biyan kowane mai jawabi, har da kuɗin mota da na ƙasar da ya kawo. Ku aika a ɗauko shi da kayansa tun da hantsi, don cuɗaɗɗiyar ƙasa in ta daɗe a rana bushewa take yi. A rufe ta da jiƙaƙƙen buhu har lokacin ya yi.